Batirin Laftof Ya Tsufa: Auna Shi Kafin Ka Hau Motar Circle

Ranar wata Laraba ce bayan la'asar, ina zaune a shagona a Nima, cikin Accra, ina buga tambayoyin jarrabawar wata makarantar Islamiyya. Rabi da Larabci, rabi da Turanci. Duk wanda ya taɓa buga Larabci mai wasali a madannan boko ya san ba aikin gaggawa ba ne, kowace fataha da kisira sai ka lalubo ta. Na kai shafi na tara aka ɗauke wuta. Fankar sama ta fara rage gudu, ni kuwa ko kai ban ɗaga ba, don alamar batir a ƙasan allo tana nuna kashi 62. Ban ƙarasa layin da nake kai ba allon ya yi baƙi ƙirin. Babu gargaɗi, babu ƙara, ɗif.

Malamin da ya kawo aikin yana kan benci yana jan carbi. Ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Allah gafarta Malam, sai dai a yi haƙuri zuwa gobe." Da aka kawo wuta bayan isha'i na kunna, abin da na adana tun azahar kaɗai na tarar. Shafi huɗu sun tafi.

Laftof ɗin ƙirar 2013 ce, na saye ta gwanjo a 2017, kuma da ita nake ciyar da iyali: katin aure, katin suna, takardar neman aiki, cike fom ga yaran unguwa. Gari na wayewa na hau trotro, wato motar haya, zuwa Circle, inda ake sayar da kayan waya da kwamfuta, na sayi batir mafi araha da na gani, ban tambayi komai ba sai kuɗinsa. Wata uku ya yi. Daga nan na zauna na koyi abin, wani a karatu, wani a bakin wani mai gyara da muke ce wa Masta, dattijo ɗan Bawku mai haƙurin bayani. Babban abin da na koya shi ne kada ka fitar da ko sidi ɗaya sai ka auna batirin tukuna. Kwamfutar da kanta za ta faɗa maka halin da yake ciki, kyauta, cikin minti biyu.

Abin da ke cikin baƙar robar

Da na kai wa Masta tsohon batirin, sai ya sa bakin wuƙa a gefen robar ya bi ɗinkin a hankali har ta ɓare. A ciki akwai ƙwayoyi shida kamar batirin tocila, sai dai sun fi tsawo. Sunansu 18650, wato kauri milimita 18, tsawo milimita 65. An haɗa su biyu-biyu, an jera rukuni uku, ga wani siririn allo mai kore a gefe. Ya ɗauko mitarsa ya ɗora wa rukunin farko, ta nuna bolt 4.0. Na biyu 3.9. Na uku 2.1.

Ya nuna da bakin wuƙar ya ce, "Malam, waɗannan biyun ne suka cinye maka aiki. Mutum uku ne ɗauke da katako ɗaya. In ɗaya ya durƙusa, dole a sauke, ko da sauran biyun da ƙarfinsu."

Irin wannan batir na litiyom ne, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Kowace ƙwaya tana cika a bolt 4.2, tana ƙarewa a wajen bolt 3. Siririn allon nan mai gadi ne: da ya ga rukuni ɗaya ya faɗi ƙasa da iyaka sai ya yanke wutar gaba ɗaya, don kada ƙwayar ta yi zafi. Shi ya sa tawa ta mutu a kashi 62. Muddin caja tana jone, ƙwayoyin nan biyu suna ɓoye rauninsu. Da aka ɗora musu kaya su kaɗai sai suka zube nan take.

Sababbin laftof sirara ba su da waɗannan ƙwayoyi masu kama da gwangwani. Nasu faffaɗa ne, a cikin leda mai ƙyalli, a kwance a ƙarƙashin madannai. Amma sinadarin ɗaya ne, tsufan ma ɗaya.

Tsufan nan kamar tankin ruwa ne da laka ke taruwa a gindinsa shekara da shekaru. Ka cika shi har baki, mai kallo daga sama zai ce ya cika, amma ruwan da ke ciki bai kai rabin na da ba. Kashi 100 da kake gani a allo na abin da ya rage ne, ba na ranar da aka ƙera shi ba. Yawancin batiran laftof, bayan an cika an sauke sau 300 zuwa 500, ƙarfinsu kan sauka zuwa wajen kashi 80. Apple na cewa nasa na MacBook na zamani suna kai sau 1000. Ko ba a taɓa batir ba, yana ajiye a kwali, shekaru na cinsa.

Amma mu a nan Accra abu biyu ne suka fi kashe mana batir: zafi, da zama a cike kullum. Zafin kowa ya san shi. Ɗaki ƙarami, rufin kwano, watan Maris, sannan a ɗora laftof a kan katifa ko filo, ƙofofin shan iskarta na ƙasa su toshe. Ga ƙurar hunturu da ke shiga fanka ta daskare kamar auduga. Na biyun kuwa ɗabi'a ce da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta koya mana. Tun shekarun nan, musamman 2015, lokacin da akan kwana a wuni babu wuta, muka saba da cewa da zarar an kawo, komai sai ya cika fal kuma ya zauna a jone. Dabara ce mai dalili, ban ga laifin kowa ba. Sai dai litiyom ba ya son zama a bolt 4.2 dare da rana, balle cikin zafi. Haɗuwar biyun ita ce ke sa batirin da ya kamata ya yi shekara huɗu ya gaji tun kafin lokacinsa.

Yadda za ka auna

In Windows kake amfani da ita, daga Windows 8 zuwa sama, danna maɓallin Windows, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Baƙin akwati zai buɗe. Rubuta wannan daidai, da tazara ɗaya kafin sandar:

powercfg /batteryreport

Danna Enter. Za ta nuna maka inda ta ajiye wani fayil mai suna battery-report.html. Je ka buɗe shi, zai buɗe kamar shafin intanet, amma ba ya buƙatar data. Sauka zuwa inda aka rubuta Installed batteries. Layi biyu ne abin nemanka. Design Capacity shi ne abin da batirin ke ɗauka yana sabo. Full Charge Capacity shi ne abin da yake ɗauka yau. Raba na biyun da na farkon, ka ninka da 100.

Da na mayar da tsohon nawa na gwada, na farko ya nuna 47,520, na biyu 11,340. Kashi 24 ke nan. Da na san wannan wata shida kafin ranar Larabar nan, da shafukan Malam ba su salwanta ba.

Ga yadda ni nake karanta lissafin. In ya haura kashi 80, batirinka lafiya lau, in akwai matsala a wani wuri take. Tsakanin 50 da 80, ya manyanta amma zai yi maka aiki in ka lallaɓa shi. Ƙasa da 40, fara tanadi. Akwai layi na uku, Cycle Count, yawan cikawa da saukewa. A tsofaffin kwamfutoci sau da yawa ɗan layi kawai za ka gani a wurin, kada ya dame ka.

Mai Windows 7 zai buɗe cmd a matsayin Administrator ya rubuta powercfg /energy, ya jira daƙiƙa 60, lambobin suna can ƙasan rahoton. Mai MacBook ya riƙe maɓallin Option ya danna alamar tuffa, ya shiga System Information, sannan Power.

Bayan lissafin allo, yi gwajin agogo, don gani ya kori ji. Cika batirin, cire caja, kunna wani dogon bidiyo ko karatun Alƙur'ani da ke cikin kwamfutar, ka duba agogo. Rubuta minti nawa ta yi, da kuma kashi nawa take nunawa lokacin da ta mutu. Lamba ta biyun nan za ta yi maka amfani a gaba.

Wani lokaci ba batirin ba ne

In rahoton ya nuna batir da sauran ƙarfi amma ba ya caji, tuhumi caja. Juya ta ka karanta: za ka ga kamar 19.5V da 3.34A, ninka su ka samu wat 65. Duba ƙasan laftof, abin da take nema yana rubuce. Cajar wat 45 a kwamfutar da ke son 65 ko 90 za ta iya kunna ta amma ta kasa cika batir. Cajojin Dell da HP masu faffaɗan baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ita ce ke gabatar da cajar ga kwamfuta. In ta lanƙwashe ko ta karye, kwamfutar za ta iya ƙin cajin batir ko da wuta na shiga. Ari cajar wani mai irin taka ka gwada kafin komai.

Gwada wannan ma: kashe ta, cire caja, cire batir in mai fita ne, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, mayar da komai. In kuma damuwarka ita ce kwanan wata da agogo na rikicewa duk lokacin da ka kunna, wannan wani ɗan batir ne daban mai kamar kwabo, CR2032, a jikin babban allon ciki. Kuɗinsa kaɗan ne.

In ya kumbura, a dakata

Nan nake so ka natsu. Ɗiyar yayata, ɗaliba ce a jami'ar Legon, ta kawo mini tata siririya ta ce, "Kawu, wurin shafa yatsan nan ya daina dannuwa." Na ɗora ta a tebur, sai na ga tana rangaji kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Na duba ta gefe: wurin linzamin ya ɗago, murfin ƙasa ya buɗe baki har farce zai shiga. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce wata biyu, kuma da dare takan ɗora mata littattafai masu nauyi don ta koma daidai. Gabana ya faɗi.

Kumburin iskar gas ce da ke taruwa a cikin ledar batirin idan ruwan sinadarin da ke ciki ya fara ruɓewa. Ba ya sacewa, ba ya warkewa. In aka danne shi, ko aka huda, ko aka lanƙwasa, sassan ciki na iya haɗuwa, zafi ya haifi zafi, ya kama da wuta mai wuyar kashewa da hayaƙi mai guba. Ka tuna yadda gidajenmu suke a Nima da Maamobi da Sabon Zango: ɗaki manne da ɗaki, lungun da mutum biyu ba sa wucewa tare, tukunyar gas a bakin ƙofa, motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga.

Don haka in ka ga madannai sun ɗago, ko murfi ya ƙi rufuwa daidai, ko ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na maganin goge farce, cire caja nan take, kashe kwamfutar, kada ka sake jona ta. Ajiye ta a kan siminti, nesa da katifa, labule da gas, ba a ɗakin da yara ke kwana ba. Washegari a kai wa mai gyara ya cire. In har ta fara hayaƙi, fitar da mutane, kada a shaƙa, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112. Laftof ɗin yarinyar nan tana aiki har yau, batirin kaɗai aka canja.

Maganganun da ake yi

Za a ce maka ka naɗe batir a leda ka sa a firiza ya kwana. Kada ka yi. Wannan zance ya samo asali ne daga batiran da, na nikel. Litiyom ba ya farfaɗowa da sanyi, kuma raɓar da za ta taru a kan allon gadin in ka fito da shi za ta iya ƙarasa shi. Manhajojin da ke cewa suna gyara batir su ma babu abin da suke yi, laka ba ta fita daga tanki da danna maɓalli.

Abu guda da ke da amfani shi ne daidaita ma'auni. Cika batir fal, bar shi a jone awa biyu, cire, yi aiki har ta mutu da kanta, bar ta ta huce 'yan awoyi, sannan ka cika ba tare da yankewa ba. Wannan ba ya ƙara wa batir ko minti ɗaya. Abin da yake yi shi ne koya wa allon gadin inda sabon gindin tankin yake, don lambar da ke allo ta daina yaudararka. Sau ɗaya a wata uku ya isa, don sauke batir har ƙasa shi ma yana cinsa.

Kafin ka saya

Tambayi kanka ko kwamfutar ta cancanci sabon batir. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman injin zamani, in na Intel ne na ƙarni na 8 zuwa sama, da wani abin tsaro mai suna TPM 2.0. Tawa ta 2013 ba ta cikinsu. Duk da haka na saya mata, don aikina bugu ne da ɗab'i, kuma madannanta sun fi na sababbi daɗin hannu. Ma'aunina shi ne, in kuɗin batir bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za a sayi kwamfutar yau ba, kuma allo, maƙalan murfi da madannai lafiya suke, a saya. In ko ina ciwo ne, tara kuɗin ka haɗa da wani.

In ka yanke shawarar saye, tafi da laftof ɗin da cajarta. Kada ka dogara da sunan ƙirar kwamfuta kaɗai, lambar da ke jikin tsohon batirin ita ce madogara, ɗauki hotonta. Bolt ya dace: 10.8 da 11.1 abu ɗaya ne, 14.4 da 14.8 ma haka, amma kada ka tsallaka daga wannan gida zuwa wancan. Duba lambar Wh, ita ce girman tankin.

Iri uku za a nuna maka a layin Tip Toe ko a Lapaz. Akwai na kamfani, akwai na wasu masana'antu da ke ƙera makwafinsa, akwai kuma wanda aka ciro daga wata kwamfutar gwanjo. A nan ne mutane ke ruɗewa. Batirin kamfani na kwamfutar 2013, in na gaske ne, wataƙila ya shekara da yawa a ajiye, kuma ka ji abin da ajiya ke yi masa. Nemi kwanan watan ƙira a jikinsa. Makwafi mai kyau da aka ƙera bara zai iya fin na asali da ya tsufa a kwali. Makwafin banza kuma hannu ma yana gane shi. Ƙwayar 18650 ta ƙwarai tana da nauyin wajen giram 45. Masta ya ɗora mini tsohon nawa a hannun dama, na arahan nan a hagu, ya ce, "Malam, rufe ido." Na hagun kamar babu komai a ciki. Araha ba ta ado, in ji mutanen da. Haka in ka ga an rubuta wata ƙatuwar lamba da ta ninka ta asalin a roba mai girma ɗaya, ajiye shi.

A cikin shagon, sa batirin, sake buga powercfg /batteryreport. Amma ka sani lambobin daga allon gadin suke fitowa, kuma ana iya rubuta masa ƙarya. Don haka nemi kujera ka zauna minti 30, cire caja, kunna bidiyo, ka ga yadda kashin ke sauka. Mai shagon ƙwarai ba zai hana ka ba, kuma akwai su da yawa. Sayi a shago mai ƙofa da suna, wanda za ka dawo ka tarar. A rubuta maka rasit da watannin garanti da hannu. In ta MoMo, wato kuɗin waya, ka biya, bar saƙon a wayarka.

Masu 'yan'uwa a Amurka ko Jamus da za su ce a taho musu da shi, ku gaya musu batirin da ba ya cikin na'ura ba a sa shi a akwatin da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa. A jakar hannu ake riƙe shi, kuma wanda bai wuce 100Wh ba, kamar kusan dukan na laftof, ba ya buƙatar izini na musamman.

Batir mai fita ta baya, kai da kanka za ka sa. Na ciki mai sukurori ma ba wuya in kana da natsuwa: sauke cajin ƙasa da kashi 25, kashe, cire caja, jera sukurorin a kan takarda yadda suke a jikin murfin don tsawonsu ba ɗaya ba ne, zare wayar batirin da farce ko roba, ba da ƙarfe ba. Wanda aka manne da gam kuwa, bar wa mai gyara. Kafin ka miƙa kwamfutarka ga kowa, kwafe ayyukanka a filas.

Akwai masu buɗe robar su canja ƙwayoyin kaɗai. Yana yiwuwa, amma sai a hannun gwani mai injin ɗinke ƙarfe, da ƙwayoyi sababbi iri ɗaya. In aka cakuɗa tsohuwa da sabuwa, an koma maganar masu ɗaukar katako. Wasu allunan gadin ma kulle kansu suke yi da zarar an yanke musu waya. Ni ban zaɓi wannan hanyar ba.

In babu kuɗi yanzu

Ba abin kunya ba ne, ni ma na yi wata biyu a haka. In tsohon batirin bai kumbura ba, ba ya zafi, kuma yana riƙe ko minti 10, kada ka cire shi. Minti goman nan su ne tsakaninka da asarar aiki ranar da aka ɗauke wuta. Abin yi shi ne ka sa kwamfutar ta adana komai ta kwanta kafin batirin ya zube. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka sauka zuwa Battery. A Critical battery action zaɓi Hibernate. A Critical battery level sa lambar da ta ɗara wadda ka rubuta a gwajin agogo. In takan mutu a kashi 30, sa 40.

A Word kuma shiga File, Options, Save, ka tabbatar an kunna AutoRecover, mai adana aiki da kansa, ka rage mintocin daga 10 zuwa 2. Da na duba tawa bayan abin da ya faru, a kashe na same shi. Sannan ka koya wa hannun hagu danna Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi.

In batirin ya mutu murus, cire shi, kwamfutar za ta yi aiki da caja kaɗai, ko da yake wasu kan rage sauri. A nan ƙaramin UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, yana da amfani, musamman in har yanzu tsohuwar ma'ajiya mai juyawa ce a ciki, don yankewar wuta kwatsam na iya lalata fayil ko ita kanta. Da an ɗauke wuta, zare caja daga soket, ka jira minti kaɗan bayan an kawo kafin ka mayar.

Riƙon sabon

Yawancin kamfanoni sun sa hanyar tsayar da caji kafin ya cika. A Lenovo tana cikin manhajar Vantage. A Dell danna F2 lokacin kunnawa ka nemi saitin cajin batir, ka zaɓi Primarily AC Use ko ka sa iyaka da kanka. A kwamfutocin ofis na HP danna F10 ka nemi Battery Health Manager. A ASUS tana cikin MyASUS. In taka tana da ita, sa kashi 80. In ba ta da ita, ka saba cire caja in ya cika kana aiki mara nauyi.

Na san abin da za ka ce: in aka ɗauke wuta fa? Gaskiya ne, kuma ni ma ban bi ƙa'idar ido rufe ba. Ranakun da wuta ta zauna, kashi 80. Ranar da aka ba da sanarwar gyara a unguwa, ko na ga hadari ya haɗu ta gabas, ko ina da aikin da dole a karɓa da yamma, sai in bar shi ya cika. Cika shi lokaci-lokaci ba ya kashe shi, zaman watanni a cike ne ke yi.

Sauran duk maganar zafi ce. Tebur ko faranti, ba katifa ba. Ni murfin kwalba biyu na sa a ƙarƙashin bayanta don iska ta ratsa. Bayan kowane hunturu a buɗe a share fanka. Kada a bar ta a mota a rana. Kada ka bari ya riƙa sauka ƙasa da kashi 20. In za ka yi tafiya mai tsawo, kamar zuwa gida arewa ko aikin Hajji, bar shi a rabin caji, a kashe, a wuri mai sanyi, don batirin da aka ajiye babu komai a cikinsa yana iya sauka inda allon gadi ba zai sake yarda ya karɓi caji ba.

Tsohon kuma fa?

Kada ya shiga kwandon shara, kada ya shiga kwata, kada a ba yara su yi wasa da shi. Sharar unguwa ƙona ta ake yi ko a matse ta a mota, kuma batir ba ya jure ko ɗaya. Abin da aka jefa a babbar kwatar Nima, kogin Odaw zai tafi, daga can tafkin Korle, daga can teku. Mun ga hayaƙin Agbogbloshie, inda ake ƙona sharar kayan lantarki, shekara da shekaru kafin a rushe wurin a 2021, kuma yawancin samarin da suka shaƙe shi 'yan'uwanmu ne daga arewa. Ƙasar nan ta kafa doka kan sharar kayan lantarki a 2016, Act 917. Naka aikin shi ne ka rufe bakin ƙarfen batirin da salatif, ka sa shi a leda shi kaɗai, ka mayar wa shagon da ka sayi sabo ko mai gyaranka, ka tambaye shi inda yake kai su.

Nawa, Masta ya ware ƙwayoyi biyun da suka mutu, ya naɗe kowace da salatif, ya sa a bokitin ƙarfe mai yashi da yake tara su a bayan shago. Huɗun da suka rage ya gwada su kwana biyu, ya zaɓi biyu ya haɗa da ɗan allon gadi a cikin wata fitilar caji da ta mutu. Ita Mma ke ɗauka zuwa alwalar asuba.